Majalisar birnin Yamai: tarihin zaɓuɓɓukanta daga 1956 zuwa 2024

Majalisar birnin Yamai ita ce hukumar da mazauna babban birnin Nijar ke zaɓa domin ta riƙa tafiyar da harkokinsu na yau da kullum, kama daga kwashe shara da yashe magudanun ruwa, kula da kasuwanni da tashoshin mota, har zuwa takardun haihuwa da na aure da kuma yankan filaye. Ita ce ke zaɓen magajin gari daga cikin membobinta. An fara zaɓenta ne ranar 18 ga Nuwamba 1956, tun ƙasar na hannun Turawan Faransa, abin da ya sa ta girmi Jamhuriyar Nijar kanta. Tun ranar 4 ga Afrilu 2024 kuwa a rushe take, kuma kantoma ne da hukumomin soja suka naɗa ke riƙe da birnin.

A cikin shekaru 67 da ƴan watanni da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu, lokacin da Yamai ta yi a hannun mutanen da gwamnati ta naɗa ya zarce wanda ta yi a hannun zaɓaɓɓu. Tun dawowar siyasar jam'iyyu barkatai a farkon shekarun 1990, sau biyar aka kira mazauna birnin zuwa zaɓen ƙananan hukumomi: a 1999, 2004, 2009, 2011 da 2020. Zaɓe ɗaya an soke shi baki ɗaya, ɗaya kuma juyin mulki ya shafe shi kafin ya cika wata biyu. Majalisu biyun ƙarshe duka rusa su aka yi.

Mazaɓar da yadda ake zaɓe

Yamai ta zama babban birni ne a 1926, lokacin da Turawa suka ɗauko hedikwatar mulki daga Damagaram. Mazaunanta ba su wuce dubu 30 da ƴan kai ba a lokacin samun ƴancin kai, amma ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan 1. A tsarin da aka yi amfani da shi a zaɓuɓɓukan 2011 da 2020, birnin ya kasu gundumomi biyar. Huɗu suna gaɓar hagu ta kogin Kwara: gunduma ta 1 ta ƙunshi unguwanni irin su Goudel da Yantala, ta 2 tana da Lazaret da Maourey, ta 3 tana da Kalley da Banifandou, ta 4 kuma ta haɗa Gamkallé, Saga da Talladjé. Gunduma ta 5 ita ce ƙetaren kogi da ake kira Harobanda, inda Lamordé, Karadjé da Kirkissoye suke.

Kafin a rusa ta a 2024, majalisar birnin tana da zaɓaɓɓun kansiloli 45, waɗanda wa'adinsu shekaru biyar ne. Mai zaɓe ba ya jefa wa mutum ɗaya ƙuri'a. Kowace jam'iyya ko rukunin ƴan takara masu zaman kansu na ajiye jerin sunaye, mai zaɓe ya zaɓi jeri guda, daga nan a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Wannan tsari yana ba ƙananan jam'iyyu damar samun kujera ɗaya ko biyu, yana kuma sa ya yi wuya jam'iyya guda ta kwashe fiye da rabin majalisa ita kaɗai. Shi ya sa zaɓen magajin gari ke zama zagaye na biyu da ake bugawa tsakanin kansiloli, inda ƙawance da ciniki ke yin tasiri kamar yadda ƙuri'ar jama'a ke yi.

Ban da zaɓaɓɓu, doka ta ba ƴan majalisar dokoki na yankin da wakilan sarakunan gargajiya damar zama a majalisar. Suna iya tofa albarkacin bakinsu, amma ba su da ƙuri'a. Akwai kuma dokar kaso ta shekarar 2000, wadda ta wajabta ware wa kowane jinsi aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe. An ɗaga kason zuwa kashi 15 a 2014, sannan zuwa kashi 25 a 2019, kuma ta wannan hanya ce yawan mata kansiloli ya riƙa ƙaruwa.

Wani abin da ya bambanta Yamai da Maraɗi, Damagaram da Tawa shi ne birnin jaha ce mai zaman kanta. Sauran jahohi bakwai sun samu majalisun jaha a 2011, amma Yamai majalisar birni kaɗai gare ta. A gefen magajin gari akwai gwamna, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, shi ne kuma ke sa ido a kan ko shawarwarin majalisa sun dace da doka. A sama da su duka akwai majalisar ministoci, wadda doka ta ba ikon tsige magajin gari idan aka same shi da babban laifi, da kuma ikon rusa majalisar baki ɗaya.

1956: jam'iyyar da ta zo ta ɗaya ba ta samu kujerar ba

Dokar Faransa ta 18 ga Nuwamba 1955 ce ta ba wasu biranen Afirka cikakken matsayin ƙaramar hukuma mai zaɓen magajin garinta. A Nijar, Yamai kaɗai ce ta shiga jerin. Sai kuma dokar Defferre ta 23 ga Yuni 1956 ta ba kowane baligi, namiji ko mace, ƴancin jefa ƙuri'a. Da waɗannan dokoki biyu aka shiga zaɓen 18 ga Nuwamba 1956, a shekarar da Modibo Keïta ya zama magajin garin Bamako, Félix Houphouët-Boigny kuma na Abijan.

Jam'iyyu uku ne suka raba kujerun Yamai. Akwai PPN-RDA ta Diori Hamani da Boubou Hama, wadda ta fi ƙarfi a tsakanin malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati. Akwai UDN ta Djibo Bakary, da aka fi sani da Sawaba, wadda ta kafu a kan ƙungiyoyin ƙwadago, direbobi, leburori da ƙananan ƴan kasuwa. Sai BNA ta su Issoufou Saïdou Djermakoye da Georges Condat, mai kusanci da sarakuna. Diori da Bakary ƴan uwan juna ne, dukansu haifaffun Soudouré da ke gefen Yamai, kuma sun yi tafiya tare a PPN kafin su raba gari a farkon shekarun 1950.

PPN ta samu kujeru 13, UDN 10, BNA 4. Ke nan PPN ce ta zo ta ɗaya, amma kujera guda ta hana ta rinjaye. Nan take UDN da BNA suka haɗe suka zama reshen Nijar na jam'iyyar MSA, suka tara ƙuri'u 14, Djibo Bakary ya zama magajin garin Yamai na farko. Wannan haɗaka ta ɗan ƙwadago da jam'iyyar sarakuna ta ba mutane da yawa mamaki, amma ta yi aiki har a matakin ƙasa: a zaɓen majalisar yanki na 31 ga Maris 1957 ta lashe kujeru 41 cikin 60, Bakary ya jagoranci gwamnatin ƴan ƙasa ta farko.

Abin bai daɗe ba. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Bakary ya yi kira da a ce «a'a» ga tayin Janar de Gaulle. Gwamna Don Jean Colombani da PPN da akasarin sarakuna suka tsaya a kan «i», kuma «i» ta yi nasara. Bakary ya sauka daga gwamnati a watan Oktoba, Diori ya karɓi ragama a watan Disamba. Kujerar magajin gari ma ta suɓuce wa Sawaba, ta koma hannun Boubou Hama, wanda a lokacin shi ne shugaban majalisar dokoki. An haramta Sawaba a watan Oktoba 1959, Bakary ya yi gudun hijira. Tun daga magajin gari na farko ke nan aka fara ganin cewa makomar kujerar Yamai tana rataye ne da abin da ke faruwa a fadar gwamnati.

Shekarun jam'iyya ɗaya da na soja

Daga 1960 zuwa 1974, PPN-RDA ce kaɗai jam'iyya a ƙasar, don haka babu wata gasa ta zahiri a kan shugabancin birnin. Dokar 17 ga Yuli 1964 ta sake fasalin yankunan mulki, ta tanadi majalisu a matakin gundumomi da ƙananan hukumomi, sai dai komai na gudana ne a cikin gidan jam'iyya.

Juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974 ya dakatar da kundin tsarin mulki ya kuma haramta jam'iyyu. Birnin ya koma hannun hafsoshin soja da manyan ma'aikata da ake naɗawa. A madadin zaɓe, gwamnati ta dogara da ƙungiyoyin Samariya da kuma majalisun raya ƙasa da ta kakkafa tun daga matakin unguwa har zuwa na ƙasa. A 1988, zamanin Ali Saibou, aka mai da Yamai «Communauté urbaine», wato tarayyar ƙananan hukumomin birni, aka kasa ta gida uku, aka ɗora mata shugaba naɗaɗɗe.

Babban taron ƙasa na 1991 ya nemi a kusanto da mulki ga talakawa ta hanyar zaɓaɓɓun majalisu, kundin tsarin mulki na Disamba 1992 ya amince da hakan. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995 da aka sa wa hannu da ƴan tawayen arewa ta ƙara matsa lamba a kan batun. Duk da haka, rikicin siyasar Jamhuriya ta uku da juyin mulkin 27 ga Janairu 1996 sun hana a je ga zaɓe. A waɗannan shekaru, jam'iyyun da ke mulki ne ke raba muƙaman shugabannin ƙananan hukumomi a tsakaninsu.

1999: zaɓen da aka soke

Ranar 7 ga Fabrairu 1999, a ƙarƙashin shugaba Ibrahim Baré Maïnassara, aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi na farko mai jam'iyyu da yawa tun bayan ƴancin kai. MNSD Nasara, CDS Rahama da PNDS Tarayya, waɗanda suka ƙaurace wa zaɓen ƴan majalisar dokoki na 1996, sun shiga takara a wannan karo da RDP Jama'a mai mulki. Sakamakon farko ya nuna ƴan adawa na kan gaba a wurare da dama. Sai aka samu farmaki a wasu cibiyoyin tattara sakamako, aka lalata takardu da akwatuna.

A farkon watan Afrilu kotun ƙoli ta soke zaɓen a mazaɓu masu yawa ta ce a sake. Ƴan adawa suka yi kira ga shugaban ƙasa da ya sauka. Ranar 9 ga Afrilu 1999 aka kashe Baré a filin jirgin saman Yamai, kuma gwamnatin riƙon ƙwarya ta Daouda Malam Wanké ta soke zaɓen gaba ɗaya. Babu majalisar da ta zauna ko sau ɗaya.

2004: zaɓaɓɓu sun dawo

Dokokin 11 ga Yuni 2002, zamanin shugaba Tandja Mamadou, su ne suka kafa ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasar, 213 na karkara da 52 na birni. Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram suka zama tarayyar ƙananan hukumomi. An yi zaɓe ranar 24 ga Yuli 2004 domin cike kujeru 3,747, kuma MNSD Nasara ce ta zo ta ɗaya a ƙasa baki ɗaya.

A Yamai, inda MNSD ke da tushe mai ƙarfi tun 1993, an zaɓi majalisu biyar, kowace da magajin garinta da kasafin kuɗinta. Daga cikinsu aka fitar da wakilan majalisar tarayyar birni, wadda Aboubacar Seydou Ganda na MNSD ya shugabanta. Bai kai ƙarshen wa'adin a kan kujerar ba. Tsarin kansa ma ya zo da matsala, domin hukumomi shida ne ke aiki a birni guda, ana yawan ja-in-ja a kan wanda ke da hurumin karɓar wane haraji da wanda ya kamata ya kwashe wace shara.

A wannan lokaci ne aka samu sauyin da ya sake fasalin siyasar birnin har zuwa 2023. Ranar 31 ga Mayu 2007 majalisar dokoki ta kayar da gwamnatin firaminista Hama Amadou. An tsare shi a 2008, MNSD ta dare gida biyu, magoya bayansa suka kafa MODEN FA Lumana a 2009. Akasarin ƙuri'un da MNSD ke samu a Yamai da yammacin ƙasa sun bi sabuwar jam'iyyar.

2009: majalisar Tazarce

Bayan zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta 2009, wanda ya ba Tandja damar zarcewa, an shirya zaɓen ƙananan hukumomi ranar 27 ga Disamba 2009. Manyan jam'iyyun adawa da suka haɗu a ƙawancen CFDR sun ƙaurace, kamar yadda suka yi a zaɓen ƴan majalisar dokoki na watan Oktoba. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnati, suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi.

Gwamnatin riƙon ƙwaryar ce ta yi gyaran da ya haifar da majalisar birni a siffar da aka san ta. Dokokin 17 ga Satumba 2010 sun samar da babban kundin ƙananan hukumomi, sun kuma mai da Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram birane masu matsayi na musamman. Tsoffin ƙananan hukumomin da ke cikinsu suka koma gundumomi: biyar a Yamai, biyar a Damagaram, uku a Maraɗi, biyu a Tawa. Gunduma tana da magajin garinta, amma ba ta da cin gashin kai a gaban doka; kuɗi da iko suka tattaru a hannun majalisar birni da shugabanta, wanda jama'a ke kira babban magajin gari. Gyaran ya rage rikicin hurumi, ya kuma sa kujerar ta ƙara tsada a idon jam'iyyu.

2011 zuwa 2017: magajin gari biyu, tsigewa biyu

An yi zaɓen ranar 11 ga Janairu 2011, makonni uku kafin zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Lumana, wadda ba ta cika shekaru biyu da kafuwa ba, ta zo ta ɗaya a Yamai. A zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, ranar 12 ga Maris, Hama Amadou ya mara wa Mahamadou Issoufou na PNDS baya, daga bisani ya zama shugaban majalisar dokoki. A cikin wannan yanayi na ƙawance ne kansiloli suka zaɓi Oumarou Moumouni Dogari na Lumana a matsayin magajin gari a tsakiyar shekarar.

Ƙawancen ya watse a watan Agusta 2013, lokacin da Lumana ta fice daga ɓangaren masu mulki saboda saɓani a kan kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. A ƙarshen watan Satumba majalisar ministoci ta tsige Dogari. Gwamnati ta danganta matakin da yadda ake tafiyar da dukiyar birnin, Lumana kuwa ta ce ramuwar gayya ce ta siyasa. A watan Nuwamba majalisar ta zaɓi Assane Seidou, kansilan da ya shigo da tutar Lumana amma ya samu goyon bayan ɓangaren masu mulki. Mazauna birnin ba su sake jefa ƙuri'a ba, amma rinjayen majalisar ya juya.

Wa'adin kansilolin ya kamata ya ƙare a 2016. An sa ranar zaɓe an ɗage fiye da sau ɗaya, daga ƙarshe aka ce sai an kammala sabon kundin masu zaɓe na zamani mai hoto da zanen yatsa. A halin da ake jira, gwamnati ta riƙa tsawaita wa'adin majalisun da doka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2016, Hama Amadou ya yi takara daga gidan kason Filingué, ya zo na biyu a ƙasa, kuma Yamai na cikin wuraren da ya fi samun ƙuri'u.

A watan Yuli 2017, bayan shugaba Issoufou ya nuna ɓacin ransa a fili kan tarin shara da ƙazantar da ta mamaye birnin, majalisar ministoci ta tsige Assane Seidou. A watan Agusta aka rusa majalisar baki ɗaya, aka maye gurbinta da tawaga ta musamman, wato «délégation spéciale», ƙarƙashin Mouctar Mamoudou, wanda ke jagorantar shirin ƙawata birni na Niamey Nyala. Tawagar ta wucin gadi ce a bisa ƙa'ida, amma ta riƙe birnin fiye da shekaru uku da rabi. A hannunta Yamai ta karɓi taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yuli 2019, a hannunta kuma aka fuskanci ambaliyar daminar 2020, lokacin da kogin Kwara ya cika ya shafe unguwanni da dama, musamman a Harobanda.

2020: Dogari ya dawo

Sai ranar 13 ga Disamba 2020 aka sake zaɓen ƙananan hukumomi, kusan shekaru goma bayan na baya. An yi amfani da sabon kundin zaɓe mai ɗauke da sunayen mutane kimanin miliyan 7 da dubu 400. PNDS Tarayya ce ta fi kowa kujeru a faɗin ƙasa, amma a Yamai Lumana ta sake zuwa ta ɗaya. Wata guda kafin nan kotun tsarin mulki ta yi watsi da takarar Hama Amadou ta shugaban ƙasa, shi kuma ya umarci magoya bayansa su zaɓi Mahamane Ousmane na RDR Canji. A zagaye na biyu, ranar 21 ga Fabrairu 2021, Mohamed Bazoum ya yi nasara a ƙasa da sama da kashi 55 cikin 100, amma Ousmane ya lashe Yamai da gagarumin rinjaye. Bayyana sakamakon ya haifar da tarzoma ta kwanaki a wasu unguwannin birnin.

A watan Afrilu 2021, kansilolin Lumana da na abokan ƙawancenta suka sake zaɓen Oumarou Dogari, shekaru bakwai da rabi bayan tsige shi. A Damagaram ma RDR Canji ce ta samu kujerar babban magajin gari. Biyu daga cikin manyan biranen ƙasar suka kasance a hannun ƴan adawa, yayin da fadar shugaban ƙasa da majalisar dokoki ke hannun PNDS.

2024: rusawa

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da kundin tsarin mulki da ayyukan jam'iyyu, amma da farko majalisar CNSP ta bar zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi a kan kujerunsu. Ranar 4 ga Afrilu 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jahohi a duk faɗin ƙasar. An naɗa kantomomi, akasarinsu jami'an soja da na sauran rundunonin tsaro, Kanar Boubacar Soumana Garanké ya karɓi birnin Yamai. Karo na biyu ke nan Dogari ya bar kujerar kafin cikar wa'adinsa.

Hama Amadou, wanda sunansa ya mamaye zaɓuɓɓukan birnin tun 2011, ya rasu a Yamai a watan Oktoba 2024. Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya tanadi wa'adin shekaru biyar da za a iya sauyawa gwargwadon halin tsaro, aka kuma rusa dukan jam'iyyun siyasa. Jam'iyyun da suka raba kujeru 45 a 2020 babu ko ɗaya da ta rage a gaban doka.

Dalilan da ke sa kujerar ba ta zama lafiya

Abu na farko shi ne tsarin zaɓen kansa. Tunda kansiloli ne ke zaɓen magajin gari, kuma da wuya jam'iyya guda ta samu rinjaye, sauya sheƙar mutane ƙalilan ta isa ta juya majalisa. A 1956 kujeru huɗu na BNA ne suka yanke hukunci, a 2013 kuma ɓarakar cikin gidan Lumana ce.

Na biyu shi ne ikon da doka ta bar wa gwamnatin tsakiya. Tsige magajin gari ko rusa majalisa ba ya buƙatar komawa ga masu zaɓe, shawarar majalisar ministoci ta wadatar. An yi amfani da wannan iko a kan magadan gari da dama a sassan ƙasar, ciki har da Kassoum Moctar na Maraɗi, sai dai a Yamai ya fi ɗaukar hankali saboda a nan fadar shugaban ƙasa da ofisoshin jakadanci suke. Duk wata shara da ta taru ko titin da ruwa ya cinye, masu mulki na gani da idonsu.

Na uku shi ne kuɗi da filaye. Birnin da ya tashi daga mutane dubu 30 zuwa sama da miliyan 1 cikin rabin ƙarni yana buƙatar kuɗin da harajin kasuwa da na tasha ba sa iya samarwa, kuma wani ɓangare na harajinsa ta baitulmalin gwamnati yake biyowa. Yankan filaye ya daɗe yana zama hanyar cike giɓi, shi ne kuma tushen ƙorafe-ƙorafe da ƙararraki masu yawa tsakanin ma'aikatar magajin gari, masu gonakin gado da masu sayen fili.

Na huɗu shi ne jinkirin zaɓe. Majalisar 2004 da ta 2011 duka sun zarce wa'adinsu da izinin gwamnati. Kansilan da wa'adinsa ya ƙare, yake zaune da alfarmar dokar tsawaitawa, ba shi da ƙarfin ja da wanda ya tsawaita masa.

A ɓangaren masu zaɓe kuwa, ƙuri'ar Yamai ta fi shugabancinta tsayawa wuri guda. Daga 1993 zuwa 2004 MNSD ce ke kan gaba, daga 2011 zuwa 2021 kuma Lumana da ƴan takarar da ta mara wa baya. Sauye-sauyen da aka gani a ma'aikatar magajin gari a 2010, 2013, 2017 da 2024 babu wanda ya fito daga akwatin zaɓe. Rabon da mazauna birnin su zaɓi kansilolinsu tun ranar 13 ga Disamba 2020, kuma matashin da ya cika shekaru 18 bayan wannan rana bai taɓa jefa ƙuri'ar majalisar birni ba.